Irin Bitirut: Yadda Ya Bar Ramin Manomi Ya Koma Hannun Kamfani

Wanda ya taɓa zuba irin bitirut a tafin hannu ya san bai yi kama da irin sauran kayan lambu ba. Ba sumul yake ba, ba ya sheƙi. Ɗan dunƙule ne ruwan ƙasa, mai kaushi da ƙulle-ƙulle, busasshe ƙamas, girmansa bai kai na ƙwayar wake ba. In aka fasa shi, wanda sai da ƙyar, za a tarar da ɗakuna a ciki, kowanne da 'yar ƙwayarsa: biyu, uku, wani lokaci har biyar. Furanni ne da suka fito wuri ɗaya a jikin kara, suka manne da juna suka bushe tare. Shi ya sa manomi zai jefa guda ɗaya a rami, tsiro uku ko huɗu su fito a cunkushe, kowanne na neman inda zai ajiye saiwa.

Wahalar wannan tsiro ba ta tsaya nan ba. Ba ya yin iri a shekarar da aka shuka shi. Shekarar farko ganye yake yi yana tara abinci a saiwa, sai ya sha sanyi na makonni goma ko fiye, ranaku kuma sun yi tsawo, sannan ya fid da kara ya yi fure. Furen ma ba zuma yake jira ba, iska ce ke yi masa barbara, ƙurarsa kuwa ba nauyi, tana cin kilomitoci kafin ta sauka. Jan bitirut da ake yankawa cikin salak, da farin da ake tatsar sukari, da ƙaton da Turawa ke ba shanu, da mai faɗin ganyen nan da Larabawa ke kira silƙ, duk jinsi ɗaya ne, kowanne na barbarar ɗan'uwansa. Mai lambun da ya bar ja ya yi fure kusa da silƙ, baɗi zai girbe abin da ba shi da kan kirki, ba shi da ganyen kirki.

Kakan dukkansu wata ciyawa ce da har yau take fitowa da kanta a gaɓar Bahar Rum da gaɓar yammacin Turai, cikin tsakuwa da ƙasa mai gishiri. Saiwarta siririya ce mai tauri. Girkawa da Rumawan dā ganyen suka fi ci. A wajajen shekara ta 800, takardar umarnin da aka fitar da sunan sarki Charlemagne kan tafiyar da gonakin sarauta ta lissafa shi cikin abin da za a shuka a lambu. Mai kumburarriyar saiwa, irin wanda ake kasawa a kasuwa yau, sai a ƙarni na 16 ya bayyana sosai a littattafan Jamus da Italiya. Aikin masu lambu ne da matan gida da ruhubanawan gidajen ibada, waɗanda kowace kaka suke ware saiwar da ta fi ƙiba da zaƙi su ce wannan ta iri ce, kada a taɓa.

In kaka ta yi, kafin ƙasa ta daskare, sai a tone bitirut duka a baje. Mai gona ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi rassa, ko ya tsage, ko launinsa ya kauce, nasa tukunya ne ko garke. Zaɓaɓɓun a murɗe musu ganye da hannu, a bar ɗan tsinin da sabon tsiro zai fito, don in wuƙa ta taɓa wannan wuri an kashe iri. Daga nan a binne su cikin yashi mai ɗan danshi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko a haƙa dogon rami a jera su, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa, a bi da ƙasa, a bar kafar shan iska. Sanyin da ake so shi ne wanda zai ratsa saiwar ba tare da ya daskarar da ita ba. Ya yi yawa ta mutu, ya yi kaɗan ta ruɓe ko ta tsiro tun lokaci bai yi ba, ga ɓeraye. Idan hunturu ya janye, abin da ya tsira a mai da shi gona. Karan da yake fitarwa yakan kai ƙirjin mutum ko ya wuce, sai an kafa masa sanda saboda iska. Da dunƙulen sun yi ruwan ƙasa sai a yanke, a rataye a rumfa ya bushe, a sussuke. In aka adana shi a busasshen wuri yakan yi shekara huɗu ko biyar yana tsirowa.

Manoman albasa na Aliero ko na Galmi ba za su ji wannan baƙon labari ba, don su ma sai sun ajiye kan albasa sun sake dasawa kafin su samu baƙin iri. Sai dai akwai tarko a cikin bitirut. A kowace gona akan samu 'yan tsiraru masu gaggawa, su fid da kara tun shekarar farko. Mai son sauƙi zai yi murna, ga iri ba rami ba jira. Amma saiwar irin waɗannan itace take zama, kuma 'ya'yansu halinsu suke ɗaukowa. Wanda ya ɗebi iri daga gare su shekara uku a jere, da hannunsa ya lalata abin da iyayensa suka yi shekaru suna gyarawa.

Haka abin yake, sana'ar bayan gida, har wani masanin haɗa magunguna a Berlin mai suna Andreas Marggraf ya yanka saiwar, ya busar, ya jiƙa ta cikin barasa, ya ga ƙwayoyin sukari sun taru. A 1747 ya sanar da cewa sukarin nan da na rake abu ɗaya ne. Ba wanda ya yi rawar jiki, domin abin da ke cikin saiwar kaɗan ne ƙwarai.

Almajirinsa Franz Karl Achard ne ya gane cewa maganar ta gona ce kafin ta zama ta masana'anta. Tun shekarun 1780 ya shiga tara ire-iren bitirut na shanu yana shukawa a gonarsa ta Kaulsdorf kusa da Berlin, yana auna zaƙinsu, yana ajiye irin waɗanda suka fi. Ya lura farare masu tsinin ƙasa, waɗanda ke nutsewa cikin ƙasa ba sa leƙo kai waje, sun fi sukari. A 1799 ya kai wa sarkin Prusiya, Friedrich Wilhelm na III, sakamakon aikinsa, sarki ya tallafa masa, a 1801 ya kafa masana'antar sukarin bitirut ta farko a duniya a Kunern cikin yankin Silesiya, wanda yau yake ƙasar Foland. Sukarin da ke cikin saiwarsa bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin 100 ba. Masana'antar ta ƙone a lokacin yaƙin Napoleon, shi kuma ya rasu a 1821 cikin talauci. Amma farin irin da shi da Moritz von Koppy suka tace, wanda ake kira farin Silesiya, shi ne tushen kusan duk bitirut ɗin sukari da ake nomawa a duniya yau.

Yaƙi ne ya ɗaga darajarsa. Daga 1806 Napoleon ya hana Turai ciniki da Ingila, jiragen Ingila kuma suka tare tashoshin ruwa, sukarin rake na tsibiran Karebiya ya yi wuya. A watan Maris na 1811 ya ba da umarnin a shuka hekta 32,000 na bitirut, a farkon 1812 kuma ya je da kansa masana'antar Benjamin Delessert a Passy ya ba shi lambar girma. Bayan faɗuwar Napoleon rake ya dawo, masana'antu da yawa suka rufe. Ya kamata mai karatu ɗan Afirka ya tuna wane ne yake noma wancan raken: bayin da aka kwaso daga wannan nahiya. Shi ya sa wasu masu adawa da bauta suka rungumi bitirut, har David Lee Child ya kafa ƙaramar masana'anta a Northampton ta jihar Massachusetts a ƙarshen shekarun 1830 don a samu sukarin da ba hannun bawa a ciki. Tasa ba ta ɗore ba. Ta Turai ta ɗore, kuma zuwa shekarun 1880 bitirut yana kafaɗa da kafaɗa da rake a kasuwar duniya.

Abin da ya kai shi nan aikin masu iri ne, kuma babu kamar Louis de Vilmorin, ɗan wani gida a Paris da ya gaji sayar da iri tun ƙarni na 18. Matsalarsa ita ce ido ba ya ganin sukari. Saiwa biyu za su yi kama sak, ɗaya zaƙi ɗaya lami. Ya fara da ruwan gishiri: a jefa saiwoyi cikin baho, waɗanda suka nutse sun fi nauyi, sun fi sukari, waɗanda suka taso a zubar. Daga baya ya koma huda kowace saiwa da ɗan bututu, ya ciro yanki kaɗan, ya matse ruwan ya auna, saiwar kuma tana nan da rai ana iya dasa ta. Sai ya ga wani abin da ya fi wannan muhimmanci. Uwa biyu masu zaƙi daidai, 'ya'yan ɗaya su gaje ta, na ɗaya su watse. Don haka ya daina haɗa irin zaɓaɓɓu wuri ɗaya yadda aka saba. Irin kowace uwa ƙullinsa daban, layinsa daban a gona, da lambarsa a littafi, sai an tone 'ya'yan an auna sannan a yanke wa uwar hukunci. Ya bayyana wannan hanya a 1856, shekaru kafin Mendel ya fitar da aikinsa kan gādon halitta. Har yau masu gyaran irin alkama da masara da dawa a kanta suke tafiya.

A wannan shekarar ta 1856 wani manomi, Matthias Christian Rabbethge, ya sayi hannun jari mafi rinjaye a masana'antar sukarin ƙauyen Klein Wanzleben kusa da Magdeburg. Gidansa ya ɗauki tacen iri da gaske, suka kawo na'urar da ke gane yawan sukari ta yadda haske ke karkacewa in ya ratsa ruwan saiwa, suka shiga auna dubban saiwoyi kowane hunturu. A garin Quedlinburg da ke kusa, gidan 'yan'uwan Dippe ya zama ɗaya daga manyan masu sayar da iri a Turai. Kafin ƙarnin ya ƙare, sukarin da ke cikin saiwa ya ninka na zamanin Achard fiye da sau biyu. Yau yakan kai kashi 16 zuwa 20, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na sukarin duniya daga gare shi yake. Kamfanin na Klein Wanzleben shi ne KWS, wanda ya ƙaura zuwa Einbeck a 1945.

A nan ne iri ya fara fita daga hannun manomi. Ba wanda ya ƙwace masa da ƙarfi. Manomi ba shi da na'ura, ba shi da littafin lambobi, masana'antar da ke sayen amfaninsa kuma zaƙi take so, sai ta riƙa ba shi iri tana cewa wannan za ka shuka. Ramin bayan gida ya zama na jan bitirut na miya kawai.

Amurka ta ɗanɗana kuɗar dogaro da irin wani. Masana'antarta ta farko da ta tsaya da ƙafarta a Alvarado ta Kalifoniya aka kafa ta, daga nan noman ya bazu zuwa Utah da Colorado da Nebraska da Michigan, amma kusan duk irin daga Turai yake zuwa, galibi Jamus. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914 hanya ta toshe, iri ya yi tsada, hankalin masu masana'antu ya tashi. Yin irin a gida ta hanyar tono da binnewa da sake dasawa yana cin ƙwadago mai yawa. Mafita ta fito daga tashar binciken noma ta New Mexico a shekarun 1920, inda J. C. Overpeck da abokan aikinsa suka nuna cewa a wurin da hunturu ba ya tsanani ana iya shuka iri da kaka, a bar tsiron a gona ya sha sanyinsa a nan, ya yi fure da zafi ya dawo. Ba tono, ba rami. Aka fara yin iri a Arizona da kudancin Utah, daga bisani aikin ya tare a kwarin Willamette na jihar Oregon, inda sanyin ya yi daidai, lokacin girbin iri kuma ba ruwan sama.

Dunƙulen nan mai ƙwaya da yawa kuwa yana nan, kuma mutane ne suke biyan kuɗinsa da bayansu. Tunda kowane rami tsiro uku ko huɗu yake fitarwa, dole a yi cira, a bar guda. Babba ya bi layi da fartanya yana sare tsiro yana barin ɗan cunkus kowane taku, na bayansa, sau da yawa yara ne, su bi a kan gwiwa suna tsinke sauran da yatsa. Kwanaki kaɗan ake da su kafin saiwoyin su sarƙe, don haka aikin daga fitowar rana ne zuwa faɗuwarta. Iyalan Jamusawan da suka yi ƙaura daga gaɓar kogin Volga na Rasha su suka fara ɗaukar wannan aiki a Colorado da Nebraska, uba da uwa da 'ya'ya. Hotunan da Lewis Hine ya ɗauka a gonakin Colorado a 1915 sun nuna yara ƙanana a bakin aikin bitirut lokacin da ya kamata suna makaranta. Bayansu Japanawa, sannan 'yan Meziko. A 1942 aka riƙa fito da Amurkawa 'yan asalin Japan daga sansanonin da aka tsare su ana kai su waɗannan gonaki, kuma 'yan ƙwadagon farko na yarjejeniyar Bracero tsakanin Amurka da Meziko da suka sauka Stockton a wannan shekarar aikin bitirut aka kawo su yi.

Fartanyar da ake ba su ƙotarta ba ta kai tsawon hannu ba, dole mutum ya yini a duƙe. Masu gona sun ce ta fi kiyaye tsiro, ma'aikata kuwa sun ce mai sa ido ne ke son ta, don daga nesa yana gane wanda ya miƙe. Ta nakasa bayan mutane da yawa. Sai a 1975 Kalifoniya ta haramta ta.

An daɗe ana neman iri mai ƙwaya ɗaya. Ma'aikatar gona ta Amurka ta gwada tacewa tun farkon shekarun 1900 ba ta kai ga gaci ba. A farkon shekarun 1940 Roy Bainer na jami'ar Kalifoniya a Davis ya ƙera injin da ke farfasa dunƙulen, abin ya rage aiki, amma wasu ƙwayoyin suna mutuwa, wasu gutsattsarin kuma har yanzu biyu suke fitarwa.

Wanda ya warware ƙullin ɗan gudun hijira ne. Viacheslav Savitsky da matarsa Helen masana gādon halittar tsirrai ne da suka yi aikin bitirut a Kiev, a zamanin da Lysenko, mai adawa da ilimin gādon halitta, ya mamaye ilimin noma a Tarayyar Sobiyat, aka kama masanin tsirrai Nikolai Vavilov a 1940 ya mutu a kurkukun Saratov a 1943. Masanan can sun riga sun ga tsiro masu ƙwaya ɗaya tun shekarun 1930, don haka Savitsky ya san abin da yake nema. Sun isa Amurka a 1947. A 1948 ya shiga wata gonar iri a Oregon mai girman eka huɗu, wadda aka shuka da irin da ake kira Michigan Hybrid 18, ya bi ta yana duba karan fure. Cikin tsiro wajen 300,000 ya fito da biyar waɗanda furanninsu ke zaune ɗai-ɗai. Zuriyar ɗaya daga cikinsu, wadda aka sa wa suna SLC 101, aka rarraba wa masu tace iri a Amurka da Turai. Halin ɓoyayye ne, ba ya bayyana sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi, shi ya sa ya yi ɗaruruwan shekaru yana wucewa ta hannun masu lambu ba su gan shi ba. Daga ƙarshen shekarun 1950 sabon irin ya shiga kasuwa, cikin shekara goma da 'yan kai ya kusa shafe tsohon. Inji ya riƙa ajiye ƙwaya ɗaya a inda ake so, rarrafen cira ya ƙare. Wannan alheri ne babba, ko da yake dubban iyalan da ke ci daga wannan wahala sai da suka nemi wata hanyar abinci.

Tun kafin wannan, a 1945, F. V. Owen na Salt Lake City ya bayyana wasu tsiro da ba sa fid da ƙurar fure ko kaɗan. Da su aka samu damar yin iri mai aure: a shuka layukan uwa marasa ƙura, a sa layin uban da aka zaɓa a tsakani, bayan barbara a sare uban, a girbe na uwa kaɗai. Amfaninsa ya fi, amma 'ya'yansa ba sa maimaita shi, ajiye shi ɓata lokaci ne. Irin bitirut ɗin sukari na yau ana goge shi, a naɗe shi da wani ƙulli haɗe da maganin ƙwari, ya fito mulmulalle mai launin shuɗi ko ruwan lemo gwargwadon kamfani, a sayar da shi a kwali mai ƙwaya 100,000. Kamfanonin da ke yin sa a duniya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Gina dukan sana'a a kan zuriyar farin Silesiya yana da haɗarinsa, don cutar da ta kama ɗaya tana iya kama duka. Ottavio Munerati, a tashar bincike ta Rovigo a Italiya, ya gane haka tun farkon ƙarni na 20. Ya ɗebo ciyawar nan ta daji daga bakin kogin Po ya haɗa ta da na gona, ya yi shekaru yana tacewa, har ya samu irin da ke jure cutar ɗigon ganye. Da wata cutar saiwa mai suna rizomaniya ta addabi gonaki daga baya, ɗaya daga hanyoyin kariyar da aka samu daga ciyawar da aka tsinto a gaɓar Denmak ta fito.

Iskar da ke kwasar ƙurar fure kuwa ba a sami yadda za a yi da ita ba sai dai tazara. A kwarin Skagit na jihar Washington, inda ake yin irin jan bitirut da na alayyahun Turawa, wakilan kamfanoni sukan taru a gaban taswirar yankin, a jefa ƙuri'a a san wanda zai fara, kowa ya soka allura a gonar da zai yi iri, na bayansa dole ya ba da ratar da aka amince. Alayyahun Turawa ɗan dangin bitirut ne, shi ma iska ke masa barbara. Asalinsa ƙasar Farisa. A 647 aka kai shi fadar Sin daga Nepal, Larabawa suka kai shi Sisili da Andalus, Ibn al-Awwam na Ishbiliya ya yi bayanin nomansa a Kitab al-Filaha a ƙarni na 12. Shi namiji daban mace daban. Namijin ke fara fid da kara, ya saki ƙura ya bushe, wanda bai sani ba ya tuge shi da wuri ya bar mata ba iri. Dogayen ranaku ne ke sa shi fure, shi ya sa irinsa ya zama sana'ar ƙasashen arewa mai nisa, kuma Denmak ce ke samar da mafi yawan mai auren da ake shukawa a duniya. A Skagit, gonar da aka yi irinsa sai ta huta daga gare shi shekara goma ko fiye saboda wata cutar da ke kwana a ƙasa.

A Willamette ma da taswira da allura ake zaman lafiya, har aka kawo bitirut ɗin sukarin da Monsanto da KWS suka sauya wa halitta don ya jure maganin ciyawa na Roundup. Gwamnati ta amince da shi a 2005, cikin 'yan shekaru ya kai wajen kashi 95 na abin da ake shukawa a Amurka. Masu yin irin silƙ da jan bitirut ba tare da sinadari ba suka ga ƙura ɗaya na iya rushe musu kasuwa, ƙungiyoyinsu suka shiga kotu a 2008. A 2010 alƙali ya soke amincewar, a 2012 ma'aikatar gona ta maido ta bayan ta yi binciken da kotu ta nema. Tsoron masu ƙaramin ƙarfin yana da tushe, tunda a Turai an riga an ga yadda ƙurar bitirut na daji ta shiga gonakin iri ta haifar da wani mai fure a shekarar farko, wanda ya zama ciyawar da ta dami manoma tun shekarun 1970.

A Afirka, Masar ta fara sukarin bitirut a farkon shekarun 1980 a Kafr el-Sheikh, yanzu yana ba ta sukari fiye da rake, amma irin daga Turai take sayowa kowace shekara. Mai lambu a tsaunin Jos da ke noman ja yana cikin wannan hali. Ko da ya sayi tsohon iri marar aure, misali Detroit Dark Red da aka fitar tun 1892, wanda 'ya'yansa ke gadonsa, sanyin Jos na dare ne, rana na yi ya warware, tsawon yini kuma ba ya canzawa sosai. Saiwar za ta yi, karan fure ba zai zo yadda ake so ba. Dole ya koma kanti, kuma farashin gwangwani da canjin kuɗi yake tafiya.

Ɗan gidan da ya rage a hannun manomi a ƙasar Hausa shi ne alayyahu, wanda masana tsirrai suka sa a dangi ɗaya da waɗancan. Shi zafi yake so, ba ya jiran hunturu. A bar 'yan tushe a gefen fangali su yi kai, in kan ya fara bushewa a yanke a shanya a kan tabarma, a murje da tafin hannu, a bakace a faifai, baƙin iri mai sheƙi ya rage. Giram ɗaya ya fi ƙwaya dubu, shi ya sa ake gauraya shi da yashi kafin a watsa. Ana ƙulle shi a tsumma ko a zuba a kwalba, maƙwabci ya ba maƙwabci, a kasuwa a auna da murfi.

Tarkon nan na masu gaggawa yana nan a alayyahu ma. Mai lambu yakan yanke masu faɗin ganye ya kai kasuwa, abin da ya yi kai da wuri ba mai saye, shi ake bari ya zama iri, a haka kowace shekara ganye na ƙanƙancewa. Gyaran ba ya buƙatar na'ura, don faɗin ganye da jinkirin yin kai ido na ganinsu. A ɗaura ƙyalle a jikin tushe goma mafi kyau, a hana yanka su, a ƙulle irin kowanne daban, a ba kowanne fangalinsa, a duba 'ya'yan, a riƙe biyu ko uku da suka fi. Hanyar Vilmorin ke nan, sai dai shi kowane zagaye shekara biyu yake ci masa, zagaye goma shekara ashirin. Alayyahu daga shuka zuwa iri wata uku ne zuwa huɗu, mai lambun da ke da ruwan rani a Kura ko bakin Gulbin Maraɗi zai iya yin zagaye goman nan cikin shekara huɗu.